Jan Biro da Fitila Guda

An ɗaura auren Marubuci da Fitila ranar Asabar da hantsi, a gidan mahaifinta, bayan wata bakwai ana jiran amincewar dattijon. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo goma sha tara ne suka cika farfajiyar, har da guɗarsu.

Fitila ita ce mai kula da hasken dandamali, daga nan ta samu sunan. Sun haɗu ne a ranar gwajin farko na wani wasa da ya rubuta. Tana saman tsani tana ɗaure ƙwan lantarki, ta leƙo ta ce masa fitowa ta uku ba za ta yiwu ba, domin ya rubuta rana da wata a sama lokaci guda. Ya ce alamtarwa ce, rana ta tsaya a madadin mace, wata a madadin namiji. Ta ce to ya hau ya kunna alamtarwar da kansa.

Ya gyara fitowar. Da yamma ya tura mata saƙo: "Fitilata, na cire rana. Ke kin isa."

Ta amsa: "Malam Gyara, wannan ma a gyara shi. Amma na ajiye."

Tauraron wasan ma ya gwada sa'arsa. Duk kalaman soyayyar da ke bakinsa sai ya riƙa faɗa yana kallon ɗakin haske maimakon abokiyar wasansa. Fitila ta ce masa ta san wanda ya rubuta kalaman, kuma shi take saurare. Maganar ta mutu a nan.

Cikas ɗin daga gida ya zo. Mahaifinta ya shekara talatin yana koyar da adabi kafin ya yi ritaya, ɗalibansa na kiransa Jan Biro. Marubuci ya aika masa wasiƙar gabatar da kai mai shafi huɗu. Bayan kwana biyu ta dawo da jan layi ko'ina. A gefen inda ya ce Fitila kamar asuba take, dattijon ya rubuta "kamantawa". Inda ya ce ba zai iya numfashi ba sai da ita, "kambamawa". Inda ya ce zuciyarsa ta durƙusa a ƙofar gidan, "mutuntarwa". A ƙasa ya rubuta: "Salo ya yi kyau. Ina mutumin?"

Ya shaida wa 'yarsa cewa ya san waɗannan kayan aiki sarai, da su ake sa ɗan kallo kuka a kan abin da bai faru ba. Ba zai ba da ita ga wanda bai ga fuskarsa a bayan ado ba. Marubuci ya je gaisuwa sau uku, duk lokacin sai tsoro ya kama shi, ya koma magana kamar littafi. Mama, mahaifiyar Fitila, ta ce yaron nan ko ruwa aka ba shi sai ya kamanta shi da wani abu.

Wata Laraba da la'asar dattijon ya biyo ta zauren gwaji don su wuce asibitin ido da 'yarsa. Ya zauna a layin baya. Marubuci na tsaye a dandamali da takardu yana nuna wa kafinta inda za a kafa ƙofa. Fitila ta hango mahaifinta daga ɗakin haske. Ta kashe komai, ta bar fitila guda a kan Marubuci.

Kowa a ƙungiyar ya san wannan hasken. Na zancen zuci ne, inda ɗan wasa ke faɗin abin da ke ransa shi kaɗai. Guduma ta tsaya, kowa ya yi shiru kamar yadda suka saba.

"Baba yana layin baya," in ji Fitila. "Yi magana."

Marubuci ya ɗaga takardun, ya ga babu abin karantawa a ciki, ya sauke.

"Baba, shekarata talatin da ɗaya. Ina koyarwa da safe, ina rubutu da rana. Ɗakuna biyu gare ni. Ina da saurin fushi idan an taɓa rubutuna, ita kaɗai ke taɓawa in ji daɗi. Tsoronka nake ji, shi ya sa nake ɓuya a bayan kalmomi. Ina son 'yarka. Zan riƙe ta da kyau."

Dattijon ya miƙe, ya tako har gaban dandamali. Ya ce shekara talatin yana gaya wa ɗalibai cewa ɗan wasa na iya yi wa kowa ƙarya, amma ban da lokacin zancen zuci.

"Turo manyanka," ya ce.

Zauren ya kaure da tafi. Kafinta ya buga guduma a katako, tauraron ya rungume Marubuci har ya ɗaga shi sama. Fitila ta kunna duk fitilun zauren a lokaci ɗaya, abin da ta sha hana kowa yi.

A wurin ɗaurin auren, dattijon ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Sannan ya ja surukinsa gefe, ya ce yana son a rubuta masa rawar da zai taka a wasa na gaba, kuma ba ta uban amarya ba.