Ƙwayar da Ba Ta Ɗaci

Maganin jabu ne ya kashe Sahabi, amma matarsa Wasila aka ɗora wa laifin.

Lokacin kullen korona ne, zazzaɓi ya kwantar da shi a Furfuri, kowa na tsoron asibiti. Wansa Alhaji Mas'udu, mai shagon magani a Tudun Wadar Gusau, ya aiko wani direba da kulorokwin a ƙulle cikin leda. Wasila ta yi ta ba shi, ciwo sai gaba yake, har rai ya yi halinsa. Da ta ce a gidan makoki Sahabi bai taɓa shan kulorokwin bai yi susa ba sai wannan karon, Alhaji ya taso mata.

"Ke kika hana shi sha! Kin bar shi ya mutu, yanzu za ki ɓata mini suna?"

Ko takaba ba ta gama ba dangin mijin suka kore ta Tsafe gidan ubanta, suka ƙwace ɗiyarta Hassana daga bayanta. A Tsafen ma mata suka daina sayen ƙosanta, wai hannunta na kisa. Ta yi kuka har idanu suka kumbura... amma ba ta roƙi kowa ba, Allah kaɗai take kai wa ƙara.

Da aka buɗe hanya, ta hau mota da sauran ƙwayoyin a bakin zane, ta koma ta kai maganar gaban hakimin garin mijinta. Aka kira Alhaji da mahaifiyarsu, Inna. Alhaji ya shigo da babbar riga yana dariya.

"Ranka ya daɗe, mai tuyar ƙosai mi ta sani game da magani?"

Wasila ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa gaban tsohuwa, ta kwance bakin zanen.

"Inna, ke kika karɓi ledar nan daga hannun direba, ga ƙullin nan yadda ya zo ban kwance ba, gefe kawai na huda ina ciro ƙwaya. Kin san ɗacin kulorokwin. Don Allah tauna guda."

Inna ta tauna. Ta jima tana taunawa, hawaye na bin kuncinta. Alli ne da garin rogo. Tsohuwar da ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba don kunya, ranar ta faɗe shi a gaban jama'a.

"Mas'udu... ka san abin da ka aiko wa ƙanenka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sani mana, kwali-kwali na jabun magani jami'an hukuma suka kwaso daga bayan shagonsa da aka yi bincike.

Inna da kanta ta goya wa Wasila ɗiyarta, ta raka ta tasha tana neman gafara. Wasila ta yafe, ta shiga mota kanta a ɗage.

Shi kuwa Alhaji, kotu ta rufe shagon, ta aika da shi gidan yari. Yana can Inna ta rasu, ta bar wasiyya ko an sako shi kada ya taɓa makararta.