Wanda Ya Motsa Fatalwa Ne

"Ba inda zan je, Kaka! A nan garin Sabha aka binne cibiyata!"

Jikata Balkissa ke nan, ta yi jifa da mayafi a tsakar gidanmu na unguwar Tayuri, ido jajur. Najwa, 'yar kawun saurayinta Zuhair, ta kai wa uwarsa gulma: wai Balkissa 'yar wucewa ce, takardun zama 'yar ƙasa take nema, tana samu sai bakin teku ta tsallaka.

Zuhair na bakin ƙofa, kai a ƙasa. Balarabe ne, ɗan masu dabino na garin Zighan, Hausarsa ta kasuwa.

"Habibti, masoyiya, ni son ki wallahi... amma Hajja fushi da yawa."

"Amma? Ni za ka kawo wa amma?"

Ni Moutari, da mota ta mutu mana a hamadar Tenere na fito da ƙafata, na bar ido ɗaya can, ba a raina jinina ina zaune! Ban yi lakwal ta boko ba, amma na gaji madubi mai ido biyu daga ubana, wanda ya yi wa wani Bature dakon akwatin hoto a kan raƙumi zamanin Italiya. Hoto biyu ne a kati ɗaya. Ka leƙa, dabino ya taso maka, rairayi ya yi nisa, kamar ka taka ciki. Haka masu ido biyu ke faɗi. Ni ba ruwana, na taka wuraren da kaina.

Ubana ya koya min aikin: a ɗauka, a gusa da akwati kaɗan, a sake ɗauka. Duk wanda ya motsa a tsakani, fatalwa yake fitowa.

Na ce, "Yaro, gobe da hantsi a gonarku zan ɗauke ku hoto. Ka motsa, ka manta hanyar gidan nan."

Washegari na tsayar da su gindin dabino, na kafa wayar Balkissa a kan katako.

Ƙyas! Na farko.

Sai ga mota ta tsaya, Hajja Fatma uwar Zuhair ta fito, Najwa na biye. Wa ya aika musu labari? Ni mana!

"Zuhair! Zo nan!"

Na fara gusa da waya a hankali, kamar mai ciwon baya.

"Kaka, don Allah yi sauri..." Balkissa ta faɗa ta cikin haƙora, hawaye na bin kuncinta, ta ƙi sharewa.

"Yi shiru, amaryata. Aikin gwani ba ya son gaggawa."

"Zuhair, da kai nake!"

Gumi ya jiƙa masa jallabiya. Ko wuya bai juya ba.

"Yumma, uwata, ki yi haƙuri... ina zuwa. Amma mu biyu zuwa."

Najwa ta rugo ta cafki hannun rigarsa tana ja. Kamar ta ja kututture.

Ƙyas! Na biyu.

A unguwar Jadid aka wanke min hotunan, na manna a kwali, na tafi har falon Hajja na ajiye mata madubin ubana.

"Leƙa, Hajja. Ba roƙo na zo yi ba."

Ta leƙa. Ta daɗe.

"Wace ce wannan kamar hayaƙi?"

"Najwa. Ta zo, ta wuce."

Ta sake leƙawa. Ta ce tana ganin ɗanta tsaye kamar ta miƙa hannu ta taɓa shi. Can ta sauke murya.

"Yarinyar ma ba ta motsa ba."

"Jinina ce. Mu ba ma motsawa."

Bayan kakar dabino aka ɗaura aure. Ranar Balkissa ta miƙo min madubin tana dariya.

"Tsohon angona, leƙa ka ga wanda ya ƙwace ni."

"Da wane idon, 'yar nema? Ni tun kafin a wanke na gani."