Muryar Malam Sahabi

Rana tsaka Juwairiyya tana sussukar gero a bayan rumbu, tafin hannunta duk ya yi kanta, hawaye na ɗiga cikin turmi. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta Malam Sahabi, mai makarantar Islamiyya a Rawayya, kuma tun ranar da ta koma hannun baffanta Mu'azu, matarsa Inna Lami ta hana ta makaranta. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce daka, ita ce dawo da awaki... Allah sarki marainiya!

Abu ɗaya ya rage mata a duniya: tsohuwar wayar mahaifinta, ba layi a ciki, sai memori. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya riƙa naɗa mata karatu a ciki, Alƙur'ani da Ahalari. Yakan ja aya, ya yi shiru gwargwadon yadda za ta maimaita, sannan ya wuce. In ta kanga wayar a kunne, sai ta ganta a zaurensu na da, ga buzunsa, ga ƙamshin tawada, ga tarinsa da ta sani. Haka ta haddace izu arba'in ita kaɗai, tsakanin turmi da rijiya.

Ranar nan Inna Lami ta faɗo mata ta fizge wayar. "Lalatacciya! Muryar namiji nike ji, kina amsa mai har da kuka!"

"Inna, don Allah ki saurara, karatu ne..."

Mari ya katse ta. Kafin la'asar zance ya zaga gari. In ta iso rijiya mata su yi tsit, ƙawayenta aka hana su gaishe ta, baffa ya daina amsa gaisuwarta. Kwana uku tana kuka tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata!" Inna Lami kuwa ta rantse sai ta jefa wayar a murhu, amma sai ta fara tona wa yarinyar asiri gaban Liman.

A zauren Liman, gaban dattawa, aka kunna. Wani tari ya fito, sai murya mai rauni: "Juwairiyya ɗiyata, zauna da kyau. Biya bayana."

Mu'azu ya zabura. "Inna lillahi... Yaya!"

Muryar ta ja aya ta yi shiru. Cikin shirun nan Juwairiyya ta ɗauka, ta maimaita, ta zarce har ƙarshen sura ba gyara ko ɗaya. Liman ya share ido da gefen rawani, ya dubi Inna Lami ya ce:

"Lami, kin yi wa marainiya ƙazafi. Bakin rijiyar da kika ɓata ta, can za ki je ki wanke ta."

Inna Lami ta je ta wanke ta, mata na kallonta, kuma a ranar Mu'azu ya sa ta a mota zuwa gidansu a Tsafe. Ya dawo ya durƙusa gaban ɗiyar wansa yana kuka: "Ki yafe min!"

Yau matan Rawayya har da na Karakkai suna kawo wayoyinsu a tura musu karatun Malama Juwairiyya. Ita ma in ta ja aya takan yi shiru, daidai tsawon shirun da mahaifinta ya bar mata.