Jirgin da Ya Tsaya a Sama

Ana yayyafi Sufeto Morven Ogilvie ta iso gindin babban wilin da ke ɗaga jiragen ruwa tsakanin hanyar ruwa ta ƙasa da ta sama. An riga an lulluɓe gawar Lachlan Baird. Zuciyarsa ce ta buga ana tsakiyar sauko da jirginsa daga hanyar ruwa ta sama, wilin kuma ya cije a sarari, inda likita ba zai iya kaiwa ba. Kafin a sauko da shi da matarsa rai ya yi halinsa.

Matarsa Elspeth na zaune ita kaɗai a bakin ruwa.

"Na ga mutum a tagar ɗakin inji, daidai da mu," ta ce.

"Kin san shi?"

Ta kau da kai. "Ban gani sosai ba."

Sufeto ta san ƙarya ce, amma ta ƙyale ta.

Da ta hau ɗakin inji, kujera ɗaya ta tarar, kofin shayi ɗaya. Mai juya wilin, wani dattijo Fergus Tulloch, ko motsi bai yi ba.

"Jirgin ne ya yi nauyi, Sufeto. Sun danƙara masa gawayi, wili ya kasa."

"Haba Fergus, a garin nan fa aka haife ni. Manyan baho biyu ne a jikin wilin cike da ruwa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Jirgi in ya shiga, ruwa daidai nauyinsa yake turawa waje. Ko giwa aka loda masa bahon ba zai ƙara nauyi ba. Kai da bakinka kake faɗa wa baƙi haka kullum."

Ta ɗauko madubin hangen nesa daga kan taga.

"Wa kake kallo?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Elspeth. Matata ce a da. Tun da ta bi Lachlan ban sake ganin fuskarta ba sai yau. Cewa na yi in tsayar da wilin kaɗan, in kalle ta kawai."

"Ba ka ga tana neman taimako ba?"

"Gilashin nan ba ya shigo da murya. Na ga tana ɗaga hannu, na zaci ni take gaisarwa. Har na ɗaga mata nawa."

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma tausayi ba ya tayar da gawa. Ta bar ankwa a aljihu, ta buɗe masa ƙofa.

"Mu je caji ofis. Akwai wanda za mu sanar a gida?"

Fergus ya kashe butar shayi, ya ɗauki kwat ɗinsa.

"Babu kowa," ya ce.