Filasmar Inna Tani

"Wannan akwatin naku ya gama yayi! Mutane duk sun zama dishi-dishi a cikinsa, ba a gane mace ba a gane namiji."

Inna Tani ce ke wannan faɗan da hantsi, a falon autanta Saifullahi a Gwaram. Ta matso gaban 'yar talabijin ɗin har hancinta ya kusa taɓa gilashi, wai tana kallon wa'azi. Munawwara, matar Saifullahi, ta shigo da tiren shayi, ta ɗaga kai ta dubi talabijin. Tas take, har zanen hular malamin ana gani. Ta durƙusa ta ajiye tire.

"Riƙe kofin, ni zan zuba," in ji Inna Tani. "Ke komai kika taɓa sai kin yi ɓarna."

Haka tsohuwar take. Awon tuwo, makullin rumbu, har zuba shayi, ba ta yarda wani ya yi a gidan. Ta ɗaga filas ta karkata, ruwan zafi ya wuce kofi ya sauka a bayan hannun Munawwara.

"Wayyo Allah! Inna, hannuna!"

"Ke kika janye kofin! Don mugunta, so kike a ce na ƙona ki!"

Saifullahi ya faɗo falon a guje. Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa da ke yarfe hannu hawaye na zuba. Munawwara ta haɗiye kukan ta ce, "Ni ce na goce, Malam." Ya ja ta ɗaki ya shafa mata zuma, yana hura mata wurin yana sannu. Son da yake mata ba ɓoyayye ba ne. Tun yana koyarwa a firamaren Basirka ya gan ta, ya nace sai ita, duk da Inna Tani ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da 'yar ƙauye ba, kai ka ce Gwaram ɗin nan Kano ce.

Ranar Asabar sai ga Kubra, yayar Saifullahi da ke aure a Birnin Kudu. Ko mayafi ba ta cire ba Inna ta kai mata ƙarar talabijin. Kubra ta zaro waya ta nuna wa Saifullahi hoto.

"Ai dama abin kunya ne, Saifu. Dubi filasmar maƙwabtanmu, bango guda ce! Mutum a ciki kamar ka miƙa masa hannu ku gaisa. Bana riɗinka ya yi kyau, ga sola ka sa, me kake jira? Ko sai madam ta ba da izini?"

Saifullahi ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. A gaskiya ba don Inna kaɗai ba ne, shi ma ya hango kansa a kishingiɗe yana kallon ƙwallo, abokai sun cika falo. Ya wuni yana auna bango da hannu, yana tambayar Kubra ko za ta shiga ta ƙofa, ko batirin sola zai ɗauke ta, ko a sayi matsakaiciya. Inna ta ce ita dai babbar take so, wadda babu ta biyunta a Gwaram.

Munawwara kuwa ta daɗe tana lura. Inna ta daina tsince shinkafa, ta daina zura zare a allura. Ran nan ta fita da takalmi wari ja wari shuɗi. Kuma idan ta fuskanci haske, akwai wani fari-fari a tsakiyar baƙin idonta, irin wanda Munawwara ta taɓa gani a idon kakarta kafin a yi mata aiki. Da la'asar ta sami mijinta a ɗaki ta yi ƙasa da murya.

"Malam, talabijin ɗin nan lafiyarta ƙalau. Ina jin yanar ido ce ke damun Inna. Kafin ka kai kuɗin riɗin nan shago, ka fara kai ta asibiti. Amma don Allah ka bi a hankali, kada ka ce ni na faɗa."

To, maza! Bai ko tsaya tunani ba ya fita tsakar gida, ya tarar da Inna da Kubra a kan tabarma, ya ce, "Inna, ashe wai ba talabijin ba ce. Munawwara ta ce idonki ne ya fara mutuwa."

Sai Kubra ta dafe ƙirji ta kwarma salati, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

"Makanta take yi wa uwarmu fata! Jama'a ku zo ku ji! Don kada a taɓa kuɗin riɗi, ta ga ta samu na sarƙa da leshi!"

Ta afka ɗaki ta damƙo Munawwara, kuma ba ko'ina ta kama ba sai ƙonannen hannun. Ta jawo ta har tsakar gida, fatar wurin ta saluɓe. Munawwara ta fasa ƙara, ba wanda ya ce a sake ta.

Inna Tani ta miƙe tsaye. "Ni ce makauniya? Ni da na haifi wanda ya ɗauko ki daga cikin karan dawa? Auta, ka ji ni da kyau. Ko ni ko ita a gidan nan. In ta sake kwana a nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

"Inna, don girman Allah..."

"Na gama magana!"

Saifullahi ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya iya cewa, "Munawwara, ki je gida tukuna." Ya nufi babur zai kai ta, Inna ta ce idan ya taɓa babur ɗin nan ta tsine masa. Haka Munawwara ta ɗaura tsumma a hannu ta ɗauki 'yar jakarta. A zaure ta tsaya, ba ta ko dube shi ba.

"Ban hana ka saya ba, Malam. Amma idan kun je shagon, kada ka kalli talabijin. Ka kalli Inna."

Ta hau motar Basirka ita kaɗai. Kafin ta yi sati a gida, maganar Kubra ta iso ta waya, har ta yi 'ya'ya a hanya: wai an kama ta da ƙullin magani za ta makantar da surukarta. Idan ta fita ɗiban ruwa, mata su ja 'ya'yansu suna rufe musu ido da tafin hannu. Ƙawayenta na ƙuruciya suka daina amsa sallamarta. Mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, ta yi, amma ta rame ƙwarai, kuma ba ƙunar hannun ce ta fi ci mata rai ba, shirun da mijinta ya yi ne.

Shi ma gogan bai ji daɗi ba. Gidan ya yi masa faɗi. Duk da haka da Kubra ta sa rana, ya ɗauki Inna suka tafi Birnin Kudu, shagon wani Alhaji Dabo mai kayan lantarki. Filasma jere a bango, kowace na nuna abu ɗaya. Kubra ta riƙo hannun Inna tun daga mota, tana cewa wai saboda kwata, ta kai ta gaban wadda ta fi kowace girma.

"Ga ta nan, Inna! Inci saba'in da biyar, har da rimot mai jin magana."

Inna Tani ta matsa. Ta ƙara matsawa. Ta kama gefen mayafinta ta goge gilashin, ta sake gogewa.

"Ita ma duk hayaƙi ce. Tsohon kaya za ku sayar mana? A kawo wadda ta fi ta."

"Hajiya, jiya aka fito da ita daga kwali," in ji Alhaji Dabo. "Kaf garin nan babu wadda ta fi ta."

Saifullahi ya tuna maganar zaure. Ya ja da baya, ya zuba wa uwarsa ido. Shi da mai shagon duk farar shadda suka sa. Inna ta juyo, ta wuce ɗanta da ke tsaye dab da ita, ta kama hannun rigar Alhaji Dabo ta jawo shi, ta yi masa raɗa mai ƙarfi irin ta tsofaffi.

"Biya kawai mu tafi, Auta, kada a ga kamar ba mu da shi. In mun koma gida kuma ka rubuta wa 'yar Basirkar nan takardarta."

Alhaji Dabo ya yi turus. "Hajiya, ni ai ba ni da mata a Basirka."

Wani mai sayen fanka ya tuntsire da dariya. Kubra ta yi wuf ta ce hasken shagon ne ya yi yawa.

"Yaya, ya isa!" Saifullahi ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya matso ya tsaya a gaban uwarsa. "Inna, ga ni nan. Tun yaushe rabonki da ganin fuskata?"

Tsohuwa ta saki rigar mutane. Ta ɗaga hannu tana lalube har ta samu kumatunsa, sai ta fashe da kuka a tsakiyar shago.

"Tun damina, Auta. Tsoro nake ji. Innata da ta makance a lungu aka ajiye ta, a tura mata kwano kamar akuya, har ta mutu. Na ce in yarinyar nan ta gane, ta karɓe makullin rumbu, ni ma lungun za a kai ni."

Daga shagon asibiti suka wuce. Likita ya haska ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, za a fara da na dama, kuma ana buƙatar mai jinya da za ta zauna da ita, ta riƙa ɗiga mata magani, ta hana ta sunkuyo da shiga hayaƙi. Kubra da ke zaune a garin ta ce ita maigidanta ba ya son tana nisa da gida, ga yara ga makaranta. Filasma ce dai ta samu lokacin rakiya.

Saifullahi ya hau babur sai Basirka. Ya durƙusa gaban surukinsa ya ba da haƙuri, aka kira Munawwara. Ya fara bayani, ta katse shi.

"Inna ba ta gani, na yi mata uzuri. Amma ranar da aka ja ni a ƙasa da ƙonannen hannu, kai idonka biyu lafiyarsu ƙalau, Malam."

Sai hawaye suka zubo masa. Ta daɗe tana kallonsa, tausayi da fushi suna kokawa a ranta. Can ta ce, "Wa ke wurinta yanzu?" Ya ce babu kowa. Ta tashi ta ɗauko hijabinta.

An yi aikin, aka rufe idon dama da bandeji, na hagu kuwa dama ba ya gani. Munawwara ta roƙi mijinta kada ya ce ta zo, don kada ran tsohuwa ya ɓaci jini ya hau. Ba ta yi magana ba ko sau ɗaya. Ta ba ta kunu a baki, ta kai ta banɗaki, ta gyara mata filo. Inna Tani ta riƙa sa albarka tana cewa, "Wannan nas ɗin 'yar mutunci ce, ko kurma ce? Auta, da irin wannan ka aura!"

Washegari da safe likita ya cire bandeji. Inna ta ƙifta ido, haske ya shigo, abubuwa suka fara tsayawa da ƙafarsu. Abin da ta fara gani shi ne kofin ruwa da ake miƙo mata, da hannun da ke riƙe da shi, bayansa duk tabon ƙuna, fari da ja, ya tattare. Ta bi hannun da kallo har zuwa fuska.

"Munawwara?"

"Na'am, Inna. Sannu da jiki."

"Ni na yi wannan?"

"Ya warke, Inna."

"Ba ki janye kofin ba, ko?"

Munawwara ta kai mata kofin baki. Tsohuwa ta kama hannun da hannayenta biyu za ta yi kuka, likita ya ce a'a, kuka ba ya cikin magani yau. Sai ta riƙe hannun kawai ta ƙi saki.

Da ta warware, Inna Tani da kanta ta sa aka kai ta Basirka, ta tilasta wa Kubra ta biyo ta. A bakin rijiyar da ake rufe wa yara ido, nan ta tsaya ta faɗa wa mata cewa wannan idon da take kallonsu da shi, bayan Allah, Munawwara ce ta ba ta. Kubra ta nemi gafara kanta a ƙasa, ba ta ƙara tayar da zancen filasma ba.

Kuɗin riɗi ya tafi a aikin ido biyu, 'yar talabijin tana nan inda take. Ranar da aka kunna wa Inna wa'azinta, daga can bakin ƙofa ta hango ta ce, "Ikon Allah, ashe malamin nan yaro ne!" Munawwara ta shigo da tiren shayi ta durƙusa, ta ɗauki kofi za ta riƙe kamar kullum. Inna Tani ta karɓe kofin, ta tura mata filas.

"Ke zuba, 'yata. Ni zan riƙe."

'Yan'uwa, wanda ya gaya muku gaskiyar da ba ku so, ku tsaya ku duba kafin ku kira shi maƙiyi, don sau da yawa shi ne kaɗai ya damu da ku har yake lura. Kai kuma miji, biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta ce ka tsaya kana kallo ana zaluntar 'yar mutane ba. Munawwara ta yi haƙuri Allah ya wanke ta, sai dai tabon nan yana hannunta har yau, kuma kullum Saifullahi yana ganinsa.