Ko Ƙwaya Ɗaya

"Baba, tana ta kiran sunanka..."

Hassoumi ne, saurayin 'yata Rékia, ya tare ni a ƙofar ɗakinta a asibitin Lyon. Rufe shagona na yi a unguwar Barbès na shigo jirgin ƙasa.

Shekara uku ke nan da Rékia ta karye a ƙafa. Likita ya rubuta mata tramol, ƙafa ta warke, ita ta kasa barin maganin. Wata takwas muka yi muna fama kafin ta rabu da shi. Da Hassoumi ya zo neman aurenta, sai na ce masa alerji gare ta, jikinta ba ya karɓar maganin zafin ciwo. Tsoro nake ji kar ya fasa.

Yau aka cire mata ƙarfen da aka sa mata a ƙafar. Na same ta jiƙe da zufa, tana cizon bakin mayafi.

Ban san lokacin da na tare nas ba.

"Madam, don Allah, ko ƙwaya ɗaya mai ƙarfi..."

"Mun ba ta wanda ta yarda da shi. Ta sa hannu a takarda cewa kar a ba ta irin wancan. Ita kaɗai ke iya janyewa."

Hassoumi ya juyo a hankali.

"Baba, in alerji ne, yaya kake roƙo a ba ta?"



"Ba alerji ba ne, chéri, masoyina," in ji Rékia. "Na taɓa zama 'yar ƙwaya. Ni na sa Baba ya rufa mini asiri. Ɗaurin aure saura wata biyu, kana da lokacin yin tunani..."

Hassoumi ya fita.

Na zauna ina kallon ƙofa. Rékia na kuka ba sauti, na rasa ko ƙafar ce ko shi.

Can sai ga shi da ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Ya durƙusa ya ɗora mata a kan bandeji.

"Na ji haushi, Rékia. Za mu yi wannan faɗan in kin warke."

"Da gaske?"

"Sosai ma, ki shirya." Ya ɗago ya dube ni. "Baba, riƙe mata hannu. In ta roƙa, kar ka tashi neman nas."

Na riƙe. Ta matse ni har yatsuna suka yi tsami, amma ba ta roƙa ba.