Balan-balan a Bakin Taga

Wata yarinya ce 'yar aji biyar. Ranar Laraba malamar kimiyya ta ba ta balan-balan goma sha biyu. Da su za a ƙawata aji ranar da iyaye za su zo.

"Ki hura su a gida, amma kada ki cika su tam," in ji Malama. "Kuma ki ajiye su a inuwa."

"To, Malama," ta ce. Amma hankalinta yana kan launukan.

Da ta koma gida, ta yi ta hurawa har kumatunta suka yi ciwo. So take nata su fi na kowane aji girma. Ta jera su a bakin taga, inda rana ke dukan gilashi, don masu wucewa su gani.

Tana cikin cin abinci sai ta ji fas! fas! Ta ruga ɗaki. Bakwai sun fashe. Ga Auta, ƙaninta, tsaye a bakin ƙofa ya zaro ido.

"Kai ne ka fasa min!"

"Wallahi Yaya, ko taɓawa ban yi ba!"

Mama ta hana Auta fita wasa. Ya yi kuka har ya gaji.

Washegari yarinyar ta gaya wa Malama.

"A ina kika ajiye su?"

"A taga," ta ce a hankali.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko kwalba wadda ba kome a ciki sai iska, ta ɗaura balan-balan a bakin kwalbar. Ta tsoma ta a ruwan zafi. Balan-balan ya miƙe, ya fara kumbura! Ta mayar da ita ruwan sanyi, ya kwanta.

"Kin gani? Idan iska ta ji zafi, ƙarin wuri take nema. Idan ba ta samu ba, sai ta yi ta tura abin da ya rufe ta, matsi ya ƙaru. Naki sun riga sun cika, rana kuma ta dake su."

Yarinyar ta tuna da kukan ƙaninta. "Ashe ba Auta ba ne."

Tana shiga gida ta faɗa wa Mama gaskiya. Sannan ta juya wajen ƙaninta.

"Ka yafe min, Auta."

"Ji wani abu!" in ji Auta. "Rana ta yi laifi, ni aka hana wasa!"

Mama ta yi dariya, ta ce ita ma Auta ya yafe mata. Washegari Malama ta ba yarinyar sababbi, suka hura tare da Auta, daidai-daidai. Ranar da iyaye suka zo, ko ɗaya bai fashe ba.

Daga nan ta koyi sauraren umarni da kyau. Ta kuma daina ɗora wa mutum laifin da ba ta gani da idonta ba.